Na'urar ɗumama gida: yau ta kama, gobe ta ƙi

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. A jihar Maine ta Amurka nake zaune, na'urar ɗumama gidanmu mai cin mai ce. Wani lokaci ta kama lafiya lau, wani lokaci ta yi ƙugi ta mutu ba wuta. Maƙwabcina ya ce in yi ta danna jan maɓallin sake kunnawa har ta kama, daren jiya sau 5 na danna. Ga yara, ga sanyi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah ɗauke hannunka daga maɓallin nan, ka kashe makunninta yanzu.

Na gaji da wannan shawarar ta 'yan "ai ni ma haka nake yi". Ba lalacewa ce ke kashe na'urar ba, kariya ce. Akwai ido a cikinta mai duba wuta. In bai ga harshen wuta ba cikin daƙiƙa 15 zuwa 45, sai ya tsayar da komai. Amma a waɗannan daƙiƙun famfo yana ta fesa mai cikin tukunyar da wutar ke ci a ciki. Ka danna sau 5, ka fesa sau 5, kuma man nan bai je ko'ina ba, yana kwance ya jiƙa ƙasan tukunyar. Ranar da tartsatsi ya same shi, gaba ɗaya zai tashi. Na shiga gidan da aka yi haka: ƙofar tukunyar ta wangale, kunkunniya mai maiƙo har kan labule da kayan jariri. Sau ɗaya ake dannawa. Ɗaya tak.

Kamawa yau, ƙi gobe, galibi nozul, wato ɗan bakin da ke fesa man, ne ya fara toshewa, ko bakin ƙarafan nan biyu masu ba da tartsatsi ya cinye, ko taransifoma ta yi rauni ba ta kai bolt 10,000 ɗinta. Idon ma kan yi baƙi da hayaƙi. In da asuba take yi kuma tankinka a waje yake, sanyi ne ke daskarar da man. Duba ma'aunin tankin: in mai ya yi ƙasa, laka da iska take zuƙa.

Wannan dubawar kaɗai ce taka. Kira makaniki mai lasisi ya canza nozul da matatar mai, ka kuma faɗa masa gaskiyar sau nawa ka danna kafin ya kunna. Yau kam, a kunna wa yara hita ta lantarki, kada a kusanto da gawayi cikin ɗaki.