Tambaya da Amsa: Shin a Dogara da Zanen Tsofaffin Jaridu na Sojoji Masu Dawowa Bariki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Wani ɗan'uwana ya kawo mini tsarabar shafin wata tsohuwar jaridar Ingila, a jikinsa akwai zanen sojoji suna shiga sansanin Aldershot a jere bayan yaƙin Kirimiya, ga tutoci, ga 'yan kallo suna ɗaga huluna. Me ya sa aka yi zanen hannu alhali an riga an ƙirƙiro kyamara a lokacin? Kuma zan iya nuna wa ɗalibaina shi a matsayin hujjar abin da ya faru?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Lallai ɗan'uwan nan naka ya san irin tsarabar da ta dace da kai. Bisa ga bayaninka, ina kyautata zaton shafin na jaridar Illustrated London News ne, wadda Herbert Ingram ya kafa a Landan, ta fara fitowa ranar 14 ga Mayu, 1842, kuma ta yi suna da fitar da labarai tare da zane kowane mako. An ƙare yaƙin Kirimiya, wanda Ingila da Faransa da Turkiyya suka gwabza da Rasha, da yarjejeniyar Paris ta watan Maris 1856, sannan a watan Yulin shekarar Sarauniya Biktoriya ta je Aldershot ta duba faretin rundunonin da suka dawo. Shi kansa sansanin sabo ne a lokacin, domin a 1854 aka fara kafa shi, kuma yawancin ɗakunansa na katako ne.

Gaskiya ne akwai kyamara. Roger Fenton ya je Kirimiya a 1855 da keken doki cike da kayan aiki, ya dawo da hotuna sama da 300. Sai dai kyamarar wannan zamani tana bukatar mutum ya tsaya cak na wasu daƙiƙoƙi, don haka idan soja yana maci ko tuta tana kaɗawa sai hoton ya fito dishi-dishi. Babbar matsalar kuma tana maɗaba'a: babu yadda za a ɗora hoton kyamara a injin tare da rubutu, kuma sai wajen shekarun 1880 zuwa 1890 aka samu dabarar farfasa hoto zuwa ɗigo-ɗigo yadda zai ɗauki tawada. Kafin nan, ko hoton kyamara ne ya iso ofishin jarida, dole sai an sake zana shi da hannu.

Yadda ake aikin shi ne abin da ya kamata ɗalibanka su fahimta. Jarida kan tura mai zane wurin da abin ke faruwa, shi kuma ya yi zayyana cikin gaggawa da fensir, wani lokaci ya zana mutum biyu ko uku sosai, sauran taron kuwa ya rubuta a gefe cewa a cika nan da sojoji, nan da 'yan kallo. A Landan wani mai zane daban, wanda bai je wurin ba, shi zai kwafe wannan zayyana a kan katako mai tauri da sulɓi, kuma a juye yake zana ta kamar yadda ake sassaƙa hatimi. Da yake itacen ba ya yin kauri, sai a haɗa ƙananan gutsattsari da ƙusoshi masu noti su zama allo guda, bayan an gama zane a kwance su a raba wa masassaƙa da dama, kowa ya sassaƙe rabonsa cikin dare, sannan a mayar a ɗaure. Na taɓa sa madubin ƙara girma a kan irin wannan shafi, sai ga wasu siraran layuka farare sun ratsa sararin sama da kafaɗun sojoji a miƙe sambal, wato mahaɗar gutsattsarin. Ka duba naka, ka kuma juya bayansa: idan akwai rubutun wasu labarai, to shafin jaridar ne na asali, idan kuwa ka ga an shafa masa launi, galibi 'yan kasuwa ne suka ƙara daga baya.

Game da dogaro da shi, ni ra'ayina a nuna shi, amma a ɗauke shi kamar shaidar da ta bi ta bakin mutum uku ko huɗu kafin ta iso gaban alƙali. Zanen dawowa bariki ya fi zanen fagen fama inganci, domin Aldershot kusa take da Landan, mai zane yana iya zuwa ya gani da idonsa, kuma dubban masu karatu sun san kayan sarkin kowace runduna, da an yi kuskure za su rubuto. Saboda haka a kan tufafi, da tsarin ɗakuna, da yadda ake jera fareti da 'yan badujala a gaba, har da gemun da sojojin suka tara a Kirimiya suka dawo da shi, zanen abin amfani ne ƙwarai. Fuskokin kuwa kada ka yarda da su, domin yawanci daga kan mai zanen ofis suka fito, shi ya sa za ka ga kamar uwa ɗaya ta haife su.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ba su fito a zanen ba. Ingila ta rasa mutum fiye da 20,000 a wannan yaƙi, kuma mafi yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba, kwalara ce da atini da zazzaɓi da sanyi. Sahun da ka gani a miƙe na waɗanda suka iya tafiya da ƙafafunsu ne, kuma edita ya san iyalai suna son ganin 'ya'yansu sun dawo da ƙarfinsu, gwamnati ma tana son a manta da sakacin kula da sojoji da wakilin jaridar Times, William Howard Russell, ya tona.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. A yaƙin da Ingila ta yi da masarautar Asante (a Ghana ta yanzu) na 1873 zuwa 1874, wanda Janar Garnet Wolseley ya jagoranta har aka ƙone Kumasi a watan Fabrairu 1874, jaridar Illustrated London News ta tura mai zane Melton Prior. Cikin mayaƙan akwai Hausawan da Kyaftin John Glover ya fara tarawa a Legas tun 1863, waɗanda rundunar sojan Najeriya ke ɗauka a matsayin tushenta, ga kuma dubban 'yan dako da suka ɗauki kaya a ka cikin kurmi. Da aka gama, Turawan suka shiga jirgin ruwa suka koma gida, Sarauniya ta duba faretinsu a Windsor a ƙarshen Maris 1874, masu zane suna nan da fensirinsu. Su kuwa sojojin Glover sun koma barikokinsu na bakin teku, nesa da inda ake buga jaridar. In ka kai shafin aji, Malam, ka fara da sa ɗalibai su ƙirga masu rauni nawa suka gani a cikin sahun, sannan ka rubuta musu adadin mamatan a allo.