Malam, ni ce irin matar taka: Yankari ko Dubai

Assalamu alaikum. Malam mai tambaya, tun jiya da daddare na ga abin da ka rubuto, na ce bari sai yara sun tafi makaranta in zauna in amsa maka a tsanake. Ka ce ka ɗan tara wani abu kana so ka fita da iyali a hutun Disamba, kai hankalinka ya fi kwanciya da dajin Yankari na Bauchi ko Jos, uwargida kuma ta kafe in ba Dubai ko Masar ba a bar maganar, har an fara 'yar gaba a gida. Na ga maza sun yi caa a ƙarƙashin tambayar, wai mata ba su da godiya, wai son a sani ne. Toh ni mace ce, kuma wallahi irin rigimar nan na yi ta da maigidana ba sau ɗaya ba, mun je can mun kuma je nan, shi ya sa zan ɗan ja maganar, a yi haƙuri.

Mu a 2019 muka je Dubai, lokacin dala tana wajen 360, ni da shi da yara uku. Kuskuren farko da muka yi shi ne tafiya a dogon hutu, watan Agusta. Malam, ni 'yar Kano ce, na san zafin watan Afrilu, amma na can daban ne, kana fitowa daga otal kamar an buɗe maka murfin tukunya a fuska, ga gumi, gilashin maigida har hazo yake yi. Rana ba ta fituwa sam, sai bayan la'asar sakaliya. A Deira muka sauka kusa da kasuwar Naif, inda in ka tsaya minti biyar sai ka ji ana Hausa. Kuskure na biyu kuma nawa ne, na bari dangi suka ji. Kafin mu tashi takardar saƙo ta kai shafi biyu, wannan abaya mai dutse, wannan turaren wuta, waccan a auno mata ɗan kunne a kasuwar gwal kuma kuɗin sai na dawo, har da mai cewa in dubo mata tukunyar shinkafa ta lantarki. Cikin kwana bakwai ɗin da muka yi, huɗu a kasuwa na ƙare su, yara suna ɗaki da babansu suna kallon katun, katun ɗin da suke kallo a gida. Mun dai je Dubai Mall sun ga kifaye a ƙaton gilashin nan, sun ga ruwan da ke rawa a gindin Burj Khalifa, mun shiga ɗan jirgin katako na dirhami ɗaya muka tsallaka ruwa, wanda abin dariya shi ya fi komai burge su. Da muka dawo kuma aka yi ta ƙananan maganganu, wai na wance ya fi na wance, wata ma har yau ba ta biya ni kuɗin ɗan kunnen ba.

Amma kar wani ya ce maka ban ji daɗi ba. Na ji. Kwana bakwai ban ɗora tukunya ba, ban ji an ce an ɗauke wuta ba, ban tambayi ko an yi famfo ba, ƙarfe sha ɗayan dare ina tafiya da ƙafa da jakata a rataye ba na waiwaye. Ba wanda ya san ni, ba wanda zan durƙusa in gaida. Kuma a nan nake so ka tsaya ka yi tunani, don ina ganin kai da matarka ba abu ɗaya kuke musu a kai ba.

Mu fa in namiji ya ce "za mu yi hutu a gida Najeriya", abin da kunnenmu ke ji daban. Shekarun farko na aurena duk hutun makaranta garinsu maigida muke tafiya, shi yana ƙofar gida kan tabarma da abokan yarintarsa ana shayi ana dariya har sha biyun dare, ni ina tsakar gida da hayaƙin itace ina tuƙa tuwon mutum ashirin, in tashi da asuba dama kunu, in bi gida-gida gaisuwa, yaro ya yi zazzaɓi ni ce, a dawo Kano kuma wanki ya taru kamar tsauni. Ba ƙorafi nake ba, zumunci ne kuma ana samun lada, surukata ma Allah Ya jiƙanta mutuniyar kirki ce. Amma sunansa ba hutu ba, wurin aikin ne kawai aka canja min. To mace da ta saba da wannan, in ka ce mata Jos, nan take lissafinta zai tafi kan ƙanwar babanka da ke can wadda dole a sauka a gidanta, da kular abinci da za ta tashi ƙarfe huɗu ta haɗa. Dubai kuwa ta san ba ka da gwaggo a can. Son a sani yana ciki, ba zan yi ƙarya ba, mu mata muna jin daɗin a ce Hajiya ta yi tafiya, a zo sannu da zuwa, a ga hoto a sitatus. Ku ma maza kuna da naku ai, a mota da agogo. Amma ba shi ne kashi mafi girma ba.

Yankari kuma a Disambar 2023 muka je, kuma ba don kishin ƙasa ba, dole ce ta sa. An cire tallafin mai, an saki naira ta yi ta gangarawa, ga Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take, ta rufe ba 'yan Najeriya biza tun ƙarshen 2022, sai a tsakiyar 2024 aka sake buɗewa. Ina ta mita, rannan maigida ya shigo da murmushinsa ya ce shirya zan kai ki Masar. Har na miƙe zan rungume shi, sai ya ce masar Bauchi, da miyar taushe. Kwana biyu ban yi masa dariya ba. Daga baya na ce naji zan je amma da sharaɗi uku: ba za mu sauka gidan kowa ba, ba zan dafa ko ruwan shayi ba, kuma ba za a gaya wa kowa ba sai mun dawo. Ya ce ya yarda.

Mun bar Kano bayan sallar asuba, ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi, kafin azahar muna Bauchi. Mun kai yara kabarin Tafawa Balewa, babbar tana aji biyu na sakandare a lokacin, ta san sunan a littafi, ta san an kashe shi a Janairun 1966, amma da ta tsaya a gaban kabarin ta ga ba wani ado sai ta yi tsit, ta ce Mama wannan ne Firayim Ministan? Masar ma an ci, kuma gaskiya ta amsa sunanta. A hanya mun kwana a wani otal da ba zan kama suna ba, hoton da aka nuna mana daban ɗakin daban, famfo ba ruwa sai bokiti, janareto ya mutu ƙarfe ɗaya sauro suka karɓi aiki, da safe na yi magana yaron kanta ya ce min "Hajiya haka muke yi." Wannan kalmar ita ke korar mutane zuwa waje, kuɗinka ka biya amma kamar alfarma ake maka. Don haka masu cewa wai duk abin da ke waje muna da shi a gida, a'a, a faɗi gaskiya. Wuraren muna da su, kulawar ce ta yi ƙaranci.

Washegari muka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima aka karya kwana, daga ƙofar shiga dajin ma sai ka yi tafiyar kilomita wajen 40 kafin ka kai sansanin Wikki. Ruwan Wikki kuwa sai wanda ya gani. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓulɓulowa, garau har kana ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka, ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana, ga hunturu ana busawa a waje kai kana cikin ruwan ɗumi. Ni da na rantse ba zan shiga ba saboda idon maza, sai ga ni da sassafe kafin mutane su fito na shiga da doguwar riga da wando, ni da 'yata, muka yi kusan awa. Rabona da wasa da ruwa haka tun ina yarinya a gidan kakata.

Giwa dai ba mu gani ba, kar in yi maka ƙarya, mun fita a motar zaga daji har sau biyu, sawunta muka gani da kashinta da rassan da ta kakkarya. Daji ne ba gidan zu ba, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000, dabba ba ta yi alƙawari da kowa ba. Mun ga ɓauna daga nesa, mun ga gwambaza da mazo, ga mugun dawa suna kiwo a gaban ɗakuna kamar awakin unguwa. Gwaggon biri kuwa su ne masu garin. An gaya mana a rufe ƙofa a rufe mota, autana ya fito da ledar burodi a hannu yana tafiya yana ci, wani ƙato ya taho a hankali kamar mai zuwa gaisuwa, ya fizge ledar gaba ɗaya, ya koma gefe ya zauna ya kwance ƙullin da yatsu yana ci yana kallonmu. Yaron ya yi kuka kamar ransa zai fita, bayan minti goma kuma ya koma dariya. Yau in ka tambaye shi Dubai ba ya tuna komai, yana da shekara uku lokacin, mun biya masa kujera kusan kuɗin babba ya yi barci a kai. Amma labarin biri duk baƙon da ya zo gidan nan sai ya ji shi, kuma kullum birin ƙara girma yake.

Kan lokaci, ka dace da ka zaɓi Disamba. Da rani ake zuwa Yankari, daga ƙarshen shekara zuwa wajen Afrilu, ciyawa ta bushe dabbobi suna gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, sai dai ka yi wanka ka dawo. Jos kuma a Disamba ka tafi da rigunan sanyi na gaske da safa, har da man shafawa mai kauri don yara.

Maganar tsaro ba zan share ta ba, don ita ma tana cikin abin da ke sa mata tsoron tafiyar mota, kuma da gaskiyarsu, duk wanda ya tuna harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022 ba zai ce tsoron banza ba ne. Mu abin da muke yi, ba ma tafiyar dare ko kusa da magariba, kuma kwana ɗaya kafin tafiya maigida yana zuwa tasha ya tambayi direbobin layin, sun fi kowa sanin halin da hanya ke ciki a satin. In aka ce a dakata, a dakata.

Sannan ka zauna da ita da biro da takarda ku yi lissafin tare, kar ka ce mata kawai "ba kuɗi", wannan kalmar ba mu yarda da ita. Fasfo kaɗai tun Satumbar 2025 ya koma dubu 100 ƙaramin mai shekara biyar, in ku shida ne kuma ba mai shi ka ga dubu 600 ta tafi ba a taɓa tikiti ba, ba biza, ba otal, ga dalar da muka saya 360 ta haura 1,500 a 2024. Kuma in aka hana biza kuɗin ba ya dawowa, ejan zai ce maka ka yi haƙuri. Ni da na ga lissafin da idona ni ce na fara cewa a'a.

In kuma kuɗin ya isa har da saura, kuma yaran sun yi wayo, ni a ganina Masar ta fi Dubai amfani ga yara. Dalar Giza, kogin Nilu, masallacin Azhar, gawarwakin fir'aunoni a gidan tarihi, abubuwan da suke ji a islamiyya ne za su gani ido da ido. Wasu za su ce maka ai gara Umra, surukina ma haka ya ce mana, wai yawon buɗe ido almubazzaranci ne. Umra ibada ce Allah Ya kai mu, amma wanda ya yi ɗawafi da goyo da wani a hannu ba zai kira ta hutu ba, kowanne da gurbinsa.

Wani abin kunya da zan faɗa a kaina, 'yata ta ga Burj Khalifa tana firamare, amma Dala da muke hangowa daga unguwarmu ba ta taɓa hawa ba sai bayan mun dawo daga Bauchi, ita ce ma ta matsa. Ranar wata Asabar muka hau, muka biya ta Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, kuɗin da muka kashe bai kai na ƙarin kayan da na biya a filin jirgi ba.

Af, na manta, da muka dawo daga Yankari ba wanda ya zo sannu da zuwa, ba wanda ya tambayi tsaraba, wata maƙwabciyata ma cewa ta yi "Bauchi? Biki aka yi?" Ka gaya mana shekarun yaran da garin da za ku taso, sai in faɗa maka yadda muka raba kwanakin namu. Kuma in ka je mata da maganar, fara da cewa ba za a sauka gidan kowa ba, ka ga yadda fuskarta za ta yi.