Me ya sa IPCC ke neman masana su duba sinariyon sauyin yanayi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Agege, jogirafi na karanta. Na ji wai IPCC, wato kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, kan nemi masana su duba yadda ake amfani da sinariyo a rahotanninta. Wai meye sinariyon nan, kuma irinmu na iya shiga?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Sinariyo dai ba duban bokaye ba ne, ba wanda ya ce ga abin da zai faru. "Mu ƙaddara" ne kawai. Kamar mai kawo tumatir daga Kano zuwa Mile 12 ne, kafin ya yi lodi sai ya lissafa in gas ya ƙara kuɗi nawa zan samu, in mota ta kwana a hanya nawa zan rasa. To haka masana ke cewa mu ƙaddara duniya ta ci gaba da ƙona gawayi da fetur, ko ta rage, sai a zuba a kwamfuta a ga zafin da za a samu.

IPCC, wadda aka kafa a 1988, ta yi amfani da sinariyo biyar a rahotonta na 2021. A mafi sauƙi teku zai ƙaru da santimita 28 zuwa 55 nan da 2100, a mafi muni kuma 63 zuwa 101. Mu da ke Legas da muka ga yadda teku ya riƙa cin Bar Beach, muke ganin ruwa na shiga gidaje a Lekki da Ajah duk damina, ai mun san tazarar nan ba wasa ba ce.

Inda abin ke damuna shi ne su wa ke yin ƙaddarawar. Yawancin manhajojin kwamfutar da ake wannan lissafi da su daga cibiyoyin Turai da Amurka da Japan suke, ma'ajiyar da ake tara sinariyoyin ma tana Ostiriya, kuma a ciki ne ake rubuta yawan da za mu kai da wutar lantarkin da za mu sha a 2050, har wasu masana daga Indiya suka yi ƙorafin cewa da yawa daga cikin sinariyoyin sun bar Afirka a ƙasa sosai wajen makamashi, kamar an yanke mana zama haka ke nan. Wanda bai taɓa kwana da ƙarar janareta ba ta ya zai lura da wannan? Irin waɗannan tambayoyi na cikin abin da ya sa aka tara masana a Bangkok a Afrilun 2023 don a sake duba lamarin.

Batun shiga kuma, taro irin wannan gwamnatoci da ƙungiyoyi masu kujerar sa ido ne ke miƙa sunaye ta hannun wakilinsu, shugabannin IPCC su zaɓa, ana duba ƙwarewa da yanki da daidaiton maza da mata. Ba albashi fa, sai dai akan ɗauki kuɗin tafiyar 'yan ƙasashe masu tasowa. Gaskiya in ba ka da binciken da ka wallafa da wuya a ɗauke ka nan.

Amma akwai wata ƙofar. Duk lokacin da aka buɗe daftarin rahoto kana iya yin rajista da kanka a intanet, ka bayyana fannin da ka sani, ka karanta babin Afirka ka rubuta gyara da hujjarka, kuma dole marubuta su amsa kowane tsokaci a rubuce. Da ni ne kai, da nan zan fara.