Ku Tambayi Malam: Sifa a Ingilishi, gaba take ko baya?

Salamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon sun taru sosai, kuma kamar an haɗa baki kusan duka a kan sifa ne, wato kalmar da ke faɗin yadda abu yake, wadda masu Ingilishi ke kira adjective. Na zaɓo uku, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne ina sayar da atamfa a babbar kasuwar Garwa, Faransanci na yi a makaranta har aji huɗu na lise, wato sakandare, sannan na bari. Akwai wata malama 'yar Bamenda da aka turo aiki nan, takan zo shagona, rannan na ce mata I have wrappers reds sai ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta sayi kayan dai amma ba ta faɗa min inda na kauce ba. Ina laifin yake?

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara kasuwa. Toh laifi biyu ne a cikin kalma biyu, kuma wallahi ba naka ba ne kai kaɗai, duk wanda ya taso a nan arewacin Kamaru ya taɓa yin irinsa. Na farko ka ajiye sifar a bayan suna. Na biyu ka liƙa mata s. Abin da ya kamata ka ce shi ne I have red wrappers, shi ke nan.

Bari in nuna maka inda abin ya samo asali don kar ka ɗauka kanka ne ba ya ja. A Faransanci pagne rouge ake cewa, launi a baya, in sun yi yawa a rubuta pagnes rouges. A Hausa ma yawancin yabon kaya da "mai" muke yinsa kuma a baya yake zuwa, zane mai kyau, zane mai tsada, zane mai nauyi. Kenan bakinka ya sha horo sau biyu a kan ajiye sifa a baya, ina zai bari rana ɗaya. Amma Hausar nan tamu tana da wata hanyar ta biyu wadda ita ce ta yi daidai da ta Bature: jan zane, sabuwar riga, babban shago, tsohuwar mota. Ka ga nan sifa ce a gaba. To duk lokacin da za ka yi Ingilishi ka fara faɗin abin a zuciyarka ta wannan hanyar, jan zane red wrapper, sabuwar riga new dress, babban shago big shop, za ka ga ya zauna da kansa.

Maganar s kuwa, nan ne ma Ingilishi ya yi mana sauƙi mu ne muke wahalar da kanmu. Mu a Hausa sifa tana bin jinsi da adadi, sabo, sabuwa, sababbi, ja, jajaye. Faransanci ma haka, nouveau, nouvelle, nouveaux. Shi Ingilishi ko a jikinsa, new ɗin nan new ce ko namiji ko mace ko guda ɗari, suna kaɗai ke ɗaukar s. Wuri ɗaya da za ka saba ganin sifa a baya shi ne in akwai is ko are a tsakani, kamar the wrappers are red, nan ma babu s a jikin red.

Sai abin da ba ka tambaya ba amma na san zai same ka a shago, wato in sifa ta fi ɗaya. Sifofin suna da layi kamar na masu jiran mota a tasha: ra'ayinka a kan abin ne a gaba, sai girma, sai sabunta ko tsufa, sai fasali, sai launi, sai ƙasar da ya fito, sai abin da aka yi shi da shi. Shi ya sa ake cewa a beautiful red cotton wrapper, ko a big new Chinese motorbike, in ka ce a Chinese new big motorbike za a gane ka amma kunnen mai harshen zai ji wani iri, kamar mu a ce mana "gida babban". Ni dai ban ga amfanin haddace layin nan kamar karatun allo ba, babu mai jera sifa bakwai a ciniki, biyu ko uku sun ishe ka. Gobe da safe kafin masu saye su fara zuwa ka ɗauki turmi goma ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka ba shi sifa biyu da ƙarfi yaron shago yana jinka, cheap blue wrapper, heavy green wrapper, haka haka. In malamar ta dawo ka gwada a kanta, kuma ka roƙe ta ta riƙa gyara maka, ai mai saye ba ya ƙin a rage masa sefa ɗari biyu.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce a Marwa, bana zan rubuta Bak, wato jarrabawar gama sakandare. Na rubuta I am boring at home during the holidays malaminmu ya ja jan biro a kai, haka ma I have 18 years da more better. Don Allah a yi min bayani, kunya nake ji in tambaya a aji.

AMSA: 'Yata Allah ya ba da sa'a, kuma ki daina jin kunyar nan, don ita ce ke sa mutum ya kai kuskure har ɗakin jarrabawa. Da kika ce I am boring cewa kika yi ke ce mai gundurar mutane, duk wanda ya zauna da ke sai ya yi hamma. Abin da kike nufi shi ne I am bored, wato zaman ya ishe ki. Mai ƙarewa da ed na wanda abin ya sama ne, mai ƙarewa da ing na abin da ya jawo ne. The lesson is boring, the students are bored. Haka tiring da tired, interesting da interested, surprising da surprised.

Ta shekaru kuwa harsuna biyu ne suka taru suka tura ki rami, Hausa ta ce ina da shekara 18, Faransanci ya ce j'ai 18 ans, duk da "mallaka" suke faɗi. Ingilishi cewa yake I am 18 years old, ko I am 18 kawai. Yunwa da ƙishi da sanyi ma haka ne, mu "ji" muke yi, Bafaranshe yana "da" su, shi kuma mai Ingilishi I am hungry, I am thirsty, I am cold, da sifa yake faɗinsu.

More better kuma kamar ki ce "ya fi fi" ne, better ta riga ta ɗauki ma'anar fifiko. Gajeriyar sifa er take ɗauka, tall taller, cheap cheaper. Doguwa more take so, more expensive, more difficult. Kar ki haɗa biyun. Good da bad kuwa 'yan gaban kansu ne, good better best, bad worse worst, haddace su kawai za ki yi.

Tunda kin yi maganar kunya bari in ba ki tawa. Shekarun baya a wani taro a Ngawundare na tashi zan gabatar da malamin da ya koyar da ni ina yaro, a kaina mon ancien professeur nake fassarawa, sai na ce this is my ancient teacher. Zauren ya ɗauki dariya, shi kuma dattijon ya dube ni ta saman tabarau bai ce komai ba. Ancient a Ingilishi abin da ya yi ɗaruruwan shekaru ne, irin dalar Masar, former ya kamata in ce. Irin waɗannan masu kama da juna ki kiyaye su, large a Faransanci faɗi ne, a Ingilishi girma ne, mai faɗi wide ake ce masa. Sensible a Faransanci mai saurin jin abu a rai ne, a Ingilishi mai hankali ne.

TAMBAYA: Malam direba ne ni, ina ɗaukar kaya tsakanin Kuseri da Njamena, wani lokaci har kudu. A hanya na koyi cewa my truck big pass your own kuma kowa yana gane ni, amma ɗana ya ce ba Ingilishi ba ne. Wa ya fi gaskiya?

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya tsare hanya. Ku duka kuna da gaskiya. Abin da ka koya Pijin ne, harshe ne mai zaman kansa da ake ciniki da shi daga Bamenda har Duwala har cikin Najeriya, kuma ba mamaki ya yi maka daɗin baki, don pass ɗin nan aikin "fi" ɗinmu take yi sak, motata ta fi taka girma. A tasha ka ci gaba da abinka babu mai hana ka. Amma Ingilishin da ɗanka ke yi a makaranta, wanda shi da Faransanci ne harsunan hukuma a Kamaru tun haɗewar 1961, cewa yake my truck is bigger than yours. Ka lura da is ɗin nan, ita ce muke yawan yarwa a hanya saboda a Hausa "motar babba ce" ba mu jin wani aikatau a tsakiya, to jimlar Ingilishi ba ta tsayuwa sai da shi. In za ka cike takarda ko ka tura wa mai kaya saƙo ta WhatsApp, ka ba yaron ya duba maka kafin ka danna.