Me zan riƙe in zan tsallaka iyaka ta mota?

Malam, ka tambaya ko katin shaidar ɗan ƙasa kaɗai zai ishe ka tsallaka iyaka ta mota, ko sai da fasfo. Ya danganta da yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen biyu. Ƙasashen ECOWAS, alal misali, suna barin mutanen juna su shiga ba biza har kwana 90, amma duk da haka sai da ingantacciyar takardar tafiya. Ni dai shawarata ka riƙe fasfo, kuma ka duba ranar ƙarewarsa tun yanzu, domin ƙasashe da dama ba sa karɓar wanda ya rage ƙasa da wata 6 ya ƙare.

Abin da mutane ke yawan mantawa shi ne katin rigakafin cutar shawara, ɗan katin nan ruwan ɗorawa. Don Allah kada ka bari sai ana gobe tafiya, ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

In kai za ka tuƙa, haɗa da lasisin tuƙi, takardun mallakar motar da inshorar da ke aiki a can. In da yaro, riƙe takardar haihuwarsa da izinin iyayensa a rubuce.

Da jami'in shige da fice ya miƙo maka fasfo, buɗe shi nan take a gabansa, ka ga hatimin shiga da kwanan watan da idonka. Wanda ya shiga ba hatimi, ranar fitowa yake shan wahala.