Tatsuniyar rana da kyanwar Amurka

'Yar nan, saƙonki ya iso, na kuma yi dariya har Gwaggonki ta leƙo. Wai tunda al'ada ta hana tatsuniya da rana, ko yaranki za su ɓata saboda suna kallon Tom da Jerry da azahar? Ikon Allah! Ashe har an kai lokacin da za a nemi Kawu ya yanke hukunci kan kyanwa da ɓera.

Mu dai kakarmu cewa take yi, wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata, ko hanyar gida ba zai gane ba. Sai da na girma na tambaye ta dalili, ta ce: "Yaron da ya zauna jin Gizo da hantsi, wa zai ɗebo ruwa, wa zai kai awaki kiwo?" Ta ce rana ta aiki ce, dare kuma na hira.

Ni da girmana na fara ganin wannan kyanwa, ina sabon aure a Kano, a gidan wani maƙwabci mai talabijin baƙi da fari. Batirin mota ya jona mata. Yaran unguwa sun cika tsakar gida, mu manya muna tsaye a baya, wai mun zo tsawatarwa ne. Sai ga Tom cikin kwat, ya zauna gaban fiyano yana ta yanga, har da goge hannu. Ashe Jerry na barci a cikin fiyanon, kiɗan ya tashe shi. Nan fa rigima ta kaure. Jerry ya maƙe wa Tom yatsu da murfi, ya ɗana masa tarko, amma kiɗan bai tsaya ba ko sau ɗaya. Daga ƙarshe ɓeran ya karɓe kiɗan daga ciki, yana ta ƙara sauri, Tom na bi da ƙyar har kwat ɗin ta yayyage ya kife. Jerry ne ya fito ya karɓi tafi. Wani dattijo da ya shigo da niyyar korar jikansa, sai da ya zauna a turmi yana share hawayen dariya. Ba a furta kalma ko ɗaya ba, amma har ɗan shekara uku ya gane.

Daga baya na ji cewa a 1947 aka fitar da wannan fim ɗin, ya kuma ci Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka. William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙirƙiro Tom da Jerry a Amurka tun 1940, kowane motsi da hannu aka zana shi. Minti bakwai ne kacal, an gama, kowa ya tashi. Kuma ai labarin ba baƙo ba ne a wajenmu: ƙaramin mai wayo ya wahalar da babban mai ƙarfi, yadda Gizo ke yi wa kura.

Abin da ke damuna shi ne na yanzu ba ya ƙarewa. Ku miƙa wa yaro waya, wannan ya ƙare wancan ya hau, shi kaɗai a lungu, ba mai taya shi dariya. Ranar suna da na zo, na ce wa babban naki "Ga ta nan, ga ta nanku", sai ya tsaya yana kallona, bai san ana cewa "Ta zo mu ji ta" ba. Wannan kam laifinku ne, ke da maigidanki.

Batun ɓata kuwa, ki kawo su hutun nan, Gwaggonki ta ce ita ma tana da magana a kai.