Naman da ya narke a firiza: a sake daskarar da shi ko a zubar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun ajiye ragowar naman layya a firiza, sai aka ɗauke wuta kusan kwana biyu. Da na buɗe, na sama ya saki har jini ya taru a leda, na ƙasa kuwa da sauran ƙanƙara. Yanzu wuta ta dawo. In bar shi ya sake daskarewa, ko akwai matsala? Daga wata uwargida a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kada ki yi wa naman nan kuɗin goro, domin na sama da na ƙasa ba halinsu ɗaya ba.

Sanyin firiza ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi. Da zarar ɗumin nama ya haura digiri 5 a ma'aunin Selshiyos, sai su farfaɗo su ci gaba da hayayyafa, kuma tsakanin digiri 5 da 60 wasunsu na iya ninka yawansu cikin minti 20. Idan aka mayar da irin wannan nama firiza, an daskarar da shi ne tare da duk abin da ya hayayyafa a ciki. Don haka abin dubawa shi ne tsawon lokacin da ya yi ba sanyi.

Na ƙasan nan, idan kin matsa kin ji ƙanƙara a cikinsa, ki bar shi ya sake daskarewa, ba komai. Ɗanɗano ne kawai zai ragu. Ruwan da ke cikin tsoka idan ya zama ƙanƙara yana tsattsaga ta, in ya narke sai ya tsiyaye, shi ne jan ruwan da kika gani a leda. Kowane zagaye naman na ƙara bushewa, shi ya sa ya fi dacewa da miya ko farfesu.

Na saman ne abin damuwata. Firiza cikakkiya da ba a buɗe ba takan riƙe sanyi kamar awa 48, mai rabin kaya kuwa awa 24, kuma zafi irin namu yana rage wannan. Idan har yanzu sanyinsa kamar na abin da aka fito da shi daga firji ne, ki dafa shi yau ya nuna har ciki, in ya huce ki sa dafaffen a firiza. Idan kuwa sanyin ya tafi, kuma ba ki san tun yaushe ba, ki haƙura da shi. Ƙa'idar ita ce awa 2 a waje, awa 1 idan zafin gari ya wuce digiri 32.

Na san ciwon zubar da nama, balle na layya da aka sayi ragonsa da gumi. Na kuma san za a ce miki a sunsuna, in ba wari a tafasa, wuta za ta kashe komai. Wari da yauƙi alama ce ta lalacewa, amma rashinsu ba shaidar lafiya ba ne: ƙwayar Salmonella ba ta sauya ƙanshi ko launi. Wata kuma, Staphylococcus aureus, tana barin guba a abinci wadda tafasa ba ta karya ta. Amai da gudawar da ke biyo baya sun fi jigata yara, masu juna biyu da tsofaffi, kuma su ne ba na so a gwada da cikinsu.

Kayan ciki, kaza, kifi da niƙaƙƙen nama sun fi tsoka saurin lalacewa, ki fi tsananta musu.

Nan gaba ki kasa naman ƙulli-ƙulli, daidai girki ɗaya, don kada ki narkar da cinya guda saboda miyar dare. Ki narkar a cikin firji. Wanda aka narkar a ruwa sai a dafa shi nan take. Sannan ki daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ki ɗora kwabo a kai, ki bar shi a firizar. Ranar da kika tarar da kwabon a gindin kofi, kin san kayan sun narke sun sake daskarewa ba ki nan.